Yayen da Na Je Ɗauka Abidjan

Motarmu ta shiga tashar Adjamé a Abidjan ana ruwa. Ba irin ruwanmu ba, mai zuwa da iska da tsawa ya yi abin da zai yi ya wuce. Wannan zuba kawai yake, kana cikinsa kuma kana gumi. Ƙafafuna sun kumbura tun daga iyakar Ghana, inda aka sauke mu aka yi ta juya takarduna kamar ba a taɓa ganin tsohuwa ba. Ni ban yi boko ba, ban san abin da ke cikin takardun ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Amma fuskar mai neman a ba shi na goro na san ta, ko da wane yare yake magana.

Abu ɗaya ya fito da ni daga Gumel: na zo ɗaukar jikana yaye. Ɗana na fari ya yi karatun haɗa magani a wata ƙasar Turawa, Bulgeriya, ya auro 'yarsu mai suna Milena, aiki ya kai su Abidjan. Suka haifi namiji, aka sa masa sunan marigayi Malam, mijina. Yaro ya isa cire nono, uwa tana fita tun safe wurin gwajin jini, uba ma haka. A gidanmu ba a tambayar inda irin wannan yaro zai tafi. Shi kansa uban nasa, ranar da aka yaye shi uwar Malam ta zo ta goya shi ta fita, ni kuwa na ci gaba da tankaɗena, ban ko ɗaga kai ba. Bai dawo ɗakina ba sai da ya yi wayo. An karɓa a hannuna, yanzu kuma nawa lokacin ya zo.

Ban faɗa masa da bakina cewa ina tafe ba. Ɗan fari ne. Ba na kiran sunansa, ba na zaman hira da shi, ko waya ya bugo ƙanwarsa Hadiza ce ke ɗauka ta faɗa mini abin da ya ce. Ita ta gaya masa ranar isowata, motar kuma ta lalace mana a Togo, ranar ta goce. Na sauka a tasha babu wanda ya zo tarata.

Ina tsaye da buhuna sai ga wani mai kura ya ce mini, "Sannu Mama." Tun da muka bar Kwatano ban ji sannu a bakin wanda ba ɗan motarmu ba, raina ya yi sanyi. Na ce masa unguwar Hausawa nake nema. Ya ɗora buhun ya ce in biyo shi. Na bi shi ta cikin masu atamfa, ta cikin masu wayoyi da takalman gwanjo, mutane kamar an buɗe dam. Wata mota ta gitta tsakaninmu, da ta wuce babu shi babu kurar. A cikin buhun nan akwai garin kunu, da tsamiya, da daddawa, da kilishi, da rubutun yaye da na sa aka yi wa yaron a gora. Akwai 'yar rigar saƙi da na yi ta ajiya tun ana goyon cikinsa. Mutumin yana da tabo a gefen hanci na hagu. Har yau in na gan shi zan gane shi.

Ban yi kuka ba, na dai zauna a bakin wata rumfa. Masu wucewa suna cewa "yako, yako," daga baya na ji sannu ce irin tasu. Mai rumfar ce ta leƙo ta dube ni, ta dubi ɗaurin kallabina, ta ce, "Baiwar Allah, daga Hausa kike?" Hajiya Balki ke nan, mai goro, iyayenta mutanen Tawa ta Nijar ne amma ita a nan aka haife ta. Ta rufe rumfa tun ba lokaci ba ta kai ni gidanta a Bracodi, unguwar Hausawa. Ta ba ni ruwan zafi na gasa ƙafa, ta kawo mini aceke da kifi, wani garin rogo mai tsami da na ci don kunyarta kawai. Mijinta ya kira lambar ɗan nawa da ke ƙulle a bakin zanena.

Kafin a zo ɗaukata jikokinta suka dawo daga makaranta. Na ce musu sannunku da zuwa, suka tsaya suna kallona suna dariya. Hajiya ta ce in yi haƙuri, suna ji amma ba sa iya mayarwa, Faransanci ya cinye bakinsu. 'Ya'yan Hausawa, uwa da uba, a cikin unguwar Hausawa. Na ce a raina, to ina ga nawa, wanda uwarsa ma ba tamu ba ce? A nan na ƙara ɗaure ɗamara cewa ba zan bar garin nan ba sai da shi a bayana.

Uban yaron ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Na amsa ina kallon ƙofa, na tambaye shi mutanen gida. Ya rame, na gani ta wutsiyar ido. Muka hau wata doguwar gada a kan ruwa mai wari, muka shiga unguwarsu, Treichville. Gidan bene ne, can sama, ba tsakar gida, ba inda mutum zai taka ƙasa, makewayi ma a cikin ɗaki. Milena ta taho da gudu ta rungume ni ta sumbace ni a kumatu biyu. Na ƙame kamar itace, don ban san inda ake ajiye hannu a irin wannan gaisuwa ba. A bayanta kuwa ga wata gajeriyar tsohuwa kakkaura cikin baƙaƙen kaya, riƙe da yaro. Aka ce uwar Milena ce, sunanta Radka, tana wa mijinta takaba irin tasu. Babu wanda ya gaya mini tana nan.

Yaron fari ne sol, gashi kwance, amma goshin na Malam ne, da kunnuwan. Na miƙa hannu na karɓe shi. Na ce, "Kai Maigida, haka ake yi? Matarka ta zo ba cefane ba komai, sai ƙaton kai. Mijin banza kawai." Milena ta tambayi mijinta me na ce, shi kuma ya juya mata maganar yadda take, bai rage ba. Na ga murmushinta ya tsaya. Radka ce ta yi dariya, ta yi tofi sau uku a gefe, ta faɗi wata magana. Aka ce tana cewa su ma a wurinsu ana ce wa yaro mummuna don kada baki ya kama shi. Akwai jan zare a hannunsa, nata ne, shi ma don baki. Ban cire ba.

Da safe masu gida su fice, a bar mu mu biyu da yaro, ba mai jin yaren wani. Ni in buɗe taga, ita ta rufe, wai iska za ta shige shi. A wannan zafin ta sa masa safa, in ta juya in cire. Ta jiƙa masa burodi da cuku a ruwan zafi, ni in ce wannan abincin marar lafiya ne. Na sa ido a tukwanenta sosai, kuma in faɗi gaskiya ban taɓa ganin abin da addini ya hana ba. Tana da tsabta, tana tashi kafin ni wani lokaci. Sigari take sha a baranda, in ta gan ni ta ɓoye a bayanta kamar yarinya. Abu ɗaya nata da ya ba ni mamaki shi ne nono. Ta zo da iri tun daga garinsu a kwalba, ta dafa madara ta zuba ta lulluɓe da bargo, kashegari sai ga kindirmo, wanda ko Bafulatana ta kawo shi ba zan raina ba. Na sa Hajiya Balki ta raka ni babbar kasuwar Adjamé na samo gero. Turmi ya gagara, don ina fara daka na ƙasa suka hau bugun rufinsu, sai a inji aka niƙa. Na yi fura, na dama da nonon Radka, yaro ya shanye ya miƙo kofi. Muka kalli juna ni da ita. Kada a ɗauka mun zama ƙawaye. Kowace ta san abin da ta gani, kuma kowace tana cewa rabinta ne ya sa ya sha.

Gida kuwa yana raina kullum. Kiran salla sai na kasa kunne nake jinsa daga nesa, a cikin ƙarar motoci. Ba mai sallama ya shigo, ba mai aiko yaro ɗibar wuta. In na leƙa ƙasa sai in ga kawunan mutane, ba wanda zan ce wa ina gajiya.

Wata rana ina shara na ga wani ƙaramin akwati a bayan ƙofa, a buɗe. Rigunan ulu ne ƙanana, da hula mai rufe kunne, da takalmi mai gashi a ciki. A garin da ko mayafi nauyi yake yi wa mutum. Da yamma uban ya dawo, na ɗora yaron a cinya na ce masa, "Maigida, tambayi ubanka, kayan sanyin nan na wa ye?" Uban ya dubi akwatin. Sannan ya ce, yana kallon ƙasa, su ma a ƙasarsu haka ake yi. In iyaye suna aiki, kaka ce ke ɗaukar yaro ta tafi da shi ƙauye har ya isa makaranta. Milena ma kakarta ce ta rene ta. Radka ta zo ne ta tafi da shi, amma ba a yanke ba tukuna.

Ashe tun da na zo, ni da matar nan abu ɗaya muke zaman jira.

Ita ma ta gane na sani. Kashegari ta zauna kusa da ni ta buɗe waya tana nuna mini hotuna. Gidanta ne, da inabi a kan rumfa, da kwalabe jere cike da barkono. Sai titin ƙauyen, gidaje a rufe, ciyawa ta cinye ƙofofi. A jikin kowane ƙyaure an manna takarda da hoton mutum. Na nuna da yatsa, ta rufe ido ta kwantar da kai a tafin hannu, na gane matattu ne. Ta nuna nata ƙyauren, ga mijinta. A duk hotunan ban ga yaro ko ɗaya ba. Ta ɗaga yatsa guda ta nuna hoton Milena, ta sake ɗaga guda ta nuna yaron. Sannan ta nuna ni, tana tambayar nawa jikokin. Na fara lanƙwasa yatsu har suka ƙare ban gama ba. Ta gyaɗa kai kamar ta ci shari'a. Na so in gaya mata waɗancan na 'ya'yana mata ne, na gidajen wasu, wannan kaɗai ne na gidan Malam. Ba bakin faɗa.

Na koma Bracodi na zayyana wa Hajiya Balki. Ita mace ce mai shiga magana, ta kira uban yaron ta ce ya same ta a rumfa, ta titsiye shi. Abin da ta kawo mini bai yi mini daɗin ji ba. Wai Milena da farko ta yarda yaron ya fara zuwa wurina. Ita ce ma ta dage a sa masa sunan Malam, don a wurinsu ɗan fari sunan kakansa na wajen uba yake ci, girmamawa ce babba. Ta yi ta jira in zo in kira sunan ta ga farin cikina. Sai ga shi na zo ban kira ba ko sau ɗaya. Ba na kallon ɗan da na haifa, ba na cin abinci a gabansa, in ya shigo falo in tashi. Ta ɗauka ban yafe masa aurenta ba, kuma jinin yaron ne ba na so. Mijin ya yi mata bayanin kunya har ya gaji. Ta ce ta ji, amma yaro ƙarami bai san al'ada ba, abin da zai sani shi ne an kai shi gidan da ba mai kiran sunansa.

Hajiya ta ce, "Yaya, ki kira sunan nan sau ɗaya ki ɗauki jikanki. Nan Abidjan ne, mu duk mun zubar da wannan. Malam yana kabari, ba ji zai yi ba."

Na ce mata ni zan ji.

Ta ce to in zauna da jina, jirgi kuma ba ya jira.

Na yi kwanaki ina juya maganar. In ina wanke-wanke sai in gwada a zuci, a zuci yana fita lafiya lau. Sunan ba baƙo ba ne, rabin mazan garinmu shi gare su, shi ya sa ma kowanne na sa masa wani laƙabi. Amma tun ranar da aka ɗaura mana aure bai bi ta harshena ba. Ko a asibiti, ranar da Malam ya cika, da ma'aikaci ya tambaye ni sunan mamaci sai da aka nemo ƙaninsa ya faɗa. Ba tsoro ba ne. Shi ne abin da na ba shi tun muna da ƙuruciya, ban kuma taɓa karɓewa ba.

Ran Lahadi bayan an ci abincin rana Milena ta ɗauko yaron ta ɗora mini a cinya. Ta durƙusa har ƙasa, yadda ta ga mijinta yana yi. Ta yi magana da Hausa, da gani ta sha maimaitawa kafin ta zo.

"Inna, wane ne wannan?"

Na ce Maigida ne.

Ta ce, "Sunansa, Inna."

Radka tana tsaye a ƙofar kicin da tsumma a hannu. Uban yana zaune a gefe. Tun da na haife shi bai taɓa roƙona komai ba, ko allura, don ba wurina ya saba roƙo ba. Ran nan ya ce, "Inna, don Allah. Sau ɗaya kawai."

Na dubi yaron. Yana wasa da carbina, ya ɗago goshin nan ya dube ni. Na buɗe baki da niyya, Allah shi ne shaida. Na ji harshena ya tashi ya taɓa inda sunan yake farawa. Abin da ya fito shi ne, "Mai sunan Malam ne."

Milena ta jira ko akwai saura. Babu. Ta sa hannu a hankali ta ɗauke shi, ba da fushi ba, idonta cike da ruwa, ta shige ɗaki. Mijinta ya bi ta. Radka ta tafi ta kawo mini ruwa a kofi ta tsaya har na sha. Na duba fuskarta da kyau ina neman murna, don in na gani in riƙe ta da ita. Ban gani ba.

Daga nan ba a sake tayar da maganar ba, akwati kawai ya ci gaba da cika. Na aika da sharuɗɗana ta bakin yaron, uban yana ji yana juyawa: kada a ba shi abin da aka haramta, kada a kai shi inda ake yayyafa wa yara ruwa, in lokacin kaciya ya yi a kawo shi gida. Radka ta ɗora hannu a ƙirji a kan kowanne. Ko ta cika ko ba ta cika ba, ni da ita sai a gaban Allah.

Na lura bayanta yana ciwo, don a hannu take ɗaukarsa wuni guda, ga shi da nauyi. Hanya kuma doguwa ce. Na ciro zanena mai ƙarfi na sa ta sunkuya, na ɗora mata shi, na nuna mata yadda ake ɗaurin sama da na ƙasa. Ta kasa, ya zame, muka sake. Muka yi ta yi har hannunta ya faɗa. Da ta miƙe ta ji hannuwanta biyu a sake, ta yi ta zagaya falo tana magana da yarenta, shi kuma ya kwantar da kai ya yi barci. Ban taɓa tsammanin da hannuna zan ɗaura shi a bayan wata ba.

Na ce a sama mini mota kafin ranar jirginsu. Hajiya Balki ta zo tasha da ƙullin goro, ta riƙe jakata da kanta har na zauna, ta ce ba za a yi biyu ba. Ta ƙara da cewa kaina ya fi dutse tauri, na ce na ji. Uban yaron ya tsaya a jikin taga bai tafi ba har direba ya tayar. Na ce Allah ya yi albarka, ina kallon kujerar gabana. Ban sani ba ko ya ji.

Mutane sun yi ta ba ni nasu ra'ayin tun da na dawo. Hadiza ta ce da ita ce da ta faɗa. Wata tsohuwa sa'ata ta ce da na faɗa da ta daina gaishe ni. Akan bugo waya a nuna mini shi cikin hular nan, kumatu jajur, yana surutu da yaren da ban san kansa ba.

Ranar da na iso gida kuwa, mata suka cika tsakar gida yi mini barka da zuwa, don kowa ya san abin da na je yi. Kowace ta shigo sai ta fara duban bayana, sannan ta dubi fuskata. Ba wadda ta iya tambaya sai Tabawa maƙwabciyata, da ba ta iya riƙe baki ba. Ta ce, "Inna, ina Maigidan?"

Na ce yana wurin kakarsa.

Ta buɗe baki za ta ƙara, na ce ta miƙo mini buta, la'asar ta yi.